Shekarar da Tunkara Ya Sai da Takobinsa

Ba a yin sati sai wani daga cikinku ya zo rumfar nan da waya a hannu, ya ce, "Baba Arzika, ni ma zan fara labarin iskoki. Ai magana ce kawai, in danna nan, in aika." Nakan ce to, Allah shi ba da sa'a. Ba a jimawa sai ya dawo yana cewa mutane ba su da kirki, sun ji kashi na farko ba su nemi na biyu ba. To ku zauna. A yi hankali da bencin nan, ƙafarsa guda ba ta da lafiya. Yau zan faɗa muku abin da ke cikin maganar da kuke rainawa.

Ni da gyaran radiyo na fara, nan bakin tashar Dogon Dutsi. Wata rana wani tsoho ya kawo mini tasa ta daina magana. Sunansa Gado, mutumin Kiéché, maharbi ne da ido ya fara gaza masa, ya koma bin kasuwanni yana ba da labari ana jefa masa abin da ya samu. Yana jiran in gama ya fara ba wani yaron mota labarin maharbin da ya auri ɗiyar iska. Ban san sa'ad da na aje kayan aiki ba. Dalma ta huce, radiyo na buɗe, ni ina bakin Gado. Da ya kai ƙarshe na ce, "Baba, koya mini." Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kana iya tafiya ƙasa?" Na ce ina iyawa. Ya ce, "To ɗauki buzuna."

Shekaru na yi ina bin sa, daga kasuwar Kiéché zuwa ta Tibiri, mu sauka ƙauyukan da ke tsakani. Bai taɓa zaunar da ni ya ce ga yadda ake yi ba. Abin da ya ce kawai, kada in dube shi in yana labari, in dubi jama'a. In ga inda mai tallan goro ta manta da cinikinta, in ga inda mutum ya fara sosa ƙeya yana neman hanyar tafiya. In wani ya ce masa ba a yin gatana da rana, sai ya ce, "Gatana ta yara ce. Wanga labarin mutane ne, iskoki baƙi ne cikinsa."

Aikin farko da ya bar mini, ƙarƙashin wani gawo ne a kasuwar Kiéché. Na shirya jarumina tun daga gida: dogo, kyakkyawa, ƙarfe ba ya kama shi, bai taɓa jin tsoro ba. Na sa shi ya shiga kogon dutsi ya karkashe iskoki kamar ana girbin hatsi. Ina tsakiyar yaƙi, makogwarona har ya bushe, sai wasu jakkai biyu sunka kaure da faɗa bakin rijiya. Jama'ata duka ta watse can. Daga ni sai Gado.

Ya tauna goronsa ya ce, "Mi ya ci da safe?"

Na ce, "Wa?"

"Jarumin naka."

Na ce ban sani ba.

"Uwarsa na raye? Da wa yake gaba a gidansu? Mi ke sa shi jin kunya?"

Duk ban sani ba. Ya ce, "To ka gani. Jakkan can, kowa ya san ɗayansu na iya shan kashi, shi ya sa anka je kallo. Naka ba ya iya shan kashi, mi za a tsaya gani?"

Daga ranan nan ban sake buɗe baki da labari ba sai na san mutumina har ƙazantar farcensa.

Bayan Gado ya rasu, Allah shi jiƙansa, na haɗa sana'ata ta farko da ta biyu. Na sayi rakoda mai baki biyu, na fara ɗaukar labari a kaset ina sayarwa. Ku da wayarku ke yanke kuskure da ɗan yatsa ba za ku gane ba. A kaset, in ka yi tari a ƙarshen gefe, ka koma farko. Ɗakin ƙasa nake shiga, in rufe taga da bargo, zufa na zuba, don kwanon rufi yana sa murya ta yi ƙara kamar cikin tulu. Pil kuwa, wato batir, sai sababbi, don in sun fara sanyi muryar jarumi takan koma ta tsohuwa mai mura. Ba na ɓata su wajen mai da zare baya. Bik, biron rubutu, nake sokawa cikin kaset in yi ta juyawa da hannu. Sauran kayan aiki ba su fi ƙarfin jaka guda ba. Ƙoƙuna biyu a kife bisa yashi, su ne dawakai. Guntun kwanon rufi in na girgiza shi, aradu ke nan. Muryar doguwa cikin tulun da babu ruwa nake yin ta, can ƙasa-ƙasa, don iska ba ta ihu. Wanda ya san yana da iko ba ya ɗaga murya.

A ɗakin nan na haifi Tunkara, wanda har yau in na ratsa kasuwa wasu da sunansa suke kirana. Tunkara mayaƙin haya ne, yana yi wa duk sarkin da ya cika masa ciki yaƙi. Yana ɗingishi. Yakan ce mashi ne ya same shi a fagen daga, alhali jaki ne ya harbe shi yana yaro. Maƙaryaci ne, ga kwaɗayi, ga tsoron rijiya mai zurfi har ba ya iya leƙawa. Abu guda ya riƙe da gaskiya a duniya: ƙanwarsa Kulu, wadda ya goya da kansa bayan iyayensu sun mutu.

Kashi na farko ya fita ranar kasuwa. A cikinsa wata doguwa da ke zaune kogon dutsi ta ga Tunkara ya burge ta, ta ba shi takobin da ba a cin mai shi da yaƙi. Washegari da hantsi sai ga Inna Zalika, mai ƙosai a tasha, ta bar kaskonta bisa wuta ta zo da matsami a hannu. Ita gidan bori ta tashi.

"Arzika, wa ya ce maka doguwa na kyauta?"

Na ce, "Inna, ai labari ne."

"Labari ne sai ka yi mata ƙarya? Ɗana, doguwa in ta miƙa maka da dama, dubi hagunka ka ga abin da ya ɓace. Ka gyara, ko in hana ƴan tasha saye."

Na karɓe kaset ɗin da sunka rage na shafe su. A sabon ɗauka, doguwa ta ce wa Tunkara: duk ranar da ka zare takobin nan za ka ci yaƙi, amma zan cire mutum guda daga cikin kanka, fuskarsa da sunansa, kuma ni ke zaɓa. Wannan gyaran na Inna Zalika shi ya ciyar da gidana shekara da shekaru. Tun daga nan, duk sa'ad da Tunkara ya kai hannu ga kube, mai sauraro sai ya riƙe numfashi. Ba ya tambayar ko zai yi nasara. Tambayarsa, wa zai manta yau?

Masu sayena iri-iri ne, kuma kowa da abin da yake biɗa. Direbobin hanyar Tibiri suna son kashi mai tsawo, wanda zai hana fasinja ƙorafi in mota ta kafe cikin yashi. Teloli suna son faɗa, amma faɗan da ake jin nauyinsa: hannu ya gaji, ƙafa ta zame, rauni ya yi ruwa har kashi na gaba. In jarumi ya sha sara yau gobe ya tashi garas, za su dawo maka da kaset. Mata kuwa ba su damu da takobi ba, suna son a zauna a yi magana, su ji yadda Tunkara ke kame-kame in Kulu ta kama shi da ƙarya. Akwai wani Mushe Yohana, malamin lekwal, wato makarantar boko ta mishan, da ba ya barin kashi ko guda ya wuce shi. In ya saya sai ya zauna mu yi ta gardama a kan ko mutum irin Tunkara na samun gafara. Duk cikinsu ban taɓa jin wanda ya ce in ƙara yawan iskoki ba. Iska guda ta isa, in mutumin da ke gabanta na gaske ne.

Sai shekarar nan ta zo, wadda iyayenku ba su son a tuna. Ruwa ya ɗauke hatsi na fitar da kai. Kafin sanyi ya wuce rumbuna sun koma wofi, maza sun tsallaka Najeriya cin rani, mata na jiƙa anza, ƴaƴan itacen dajin nan, don a kashe ɗacinta a ci. Wa zai sayi kaset? Wanda ke da radiyo ma ba shi da pil. Kaset ɗina sunka yi ta shan ƙura bisa kanta.

A cikin wannan hali ne Sani ya zo. Saurayi ne mai shagon yadi kusa da nawa, cikin matasan nan masu wa'azi, yaro mai ladabi da ba a taɓa jin ya cuci kowa a awo ba. Ya yi sallama, ya tsaya daga bakin ƙofa.

"Baba Arzika, ba rashin kunya na zo yi ba. Mutane na cikin jarrabawa, ya kamata su koma ga Allah. Kai kuma kana cika musu kunne da doguwa. Wanga abu yana kai mutum ga shirka."

Na ce, "Sani, ka taɓa jin wanda ya saurari Tunkara ya yi sha'awar takobinsa?"

Ya ce, "Ni ban saurare, kuma ba zan saurara ba."

Na ce, "To ni ba zan daina ba. Allah shi shirye mu duka."

Ya ce amin ya tafi. Shi da abokansa sunka je wa mai shagon da nake haya. Shi kuma dattijo ne da ba ya son hayaniya, ya kira ni ya ce, "Arzika, ka koma gyaran radiyo kawai, ko ka ba ni wurina." Na kwashe kayana a ranar. Rakoda, tulu, ƙoƙuna, guntun kwano, duka sunka koma ɗakin matata.

Nan na zauna na dubi abin da ya rage mini. Gado bai taɓa yin shago ba. Na ɗauki sabon kashi da pil ɗin da sunka rage, na hau amalanken wani mai kai kaya Sukukutane, rakoda a cinya, na lulluɓe ta da zane don yashi. A can ana ba mutane hatsi su haƙa ramukan rabin wata a fako don tare ruwa. Yawancinsu mata ne da tsofaffi. Da rana ta take sunka taru inuwa, na aje rakoda bisa dutsi na danna.

Ga abin da ke cikin kashin. A wanda ya gabace shi, mahara sun kama Kulu, Tunkara ya zare takobi ya ƙwato ta, doguwa kuwa ta zaɓi Kulu ɗin ta cire masa daga kai. Ya wuce abinsa bai san wadda ya ceta ba. Yanzu yunwa ta faɗa ƙasar. Ya iso wani ƙauye ya tarar da wata mace tana jiƙa anza, ƴaƴanta kwance ba su iya kuka. Ta ɗaga kai ta ce, "Yaya!" Ya ce, "Baiwar Allah, ban san ki ba." Ta faɗi sunan uwarsu, ta faɗi jakin da ya harbe shi. Ya ce ƙarya take yi, mashi ne. Ya juya ya tafi. Ya yi nisa, sai ƙafarsa ta ƙi gaba. Bai san dalili ba. Ya koma kasuwa ya sai da takobin da ba a cin mai shi da yaƙi, a bakin buhun hatsi guda. Amma kafin ya kai mata, ya ratse bayan wata geza, ya auni tiya guda ya ɓoye wa kansa cikin burgame, jakarsa ta fata.

Kaset ya ƙare, maɓalli ya yi ƙas. Sai wata mata ta ce, "Kai, Allah wadan Tunkara! Yara na mutuwa yana ɓoye tiya?"

Wata ta ce, "Ke, ya ba da takobinsa saboda matar da bai sani ba, ki bar shi da tiyarsa."

Gardama ta kaure, har mai kula da aikin ya zo ya ga ko faɗa ake. Akwai wani tsoho, Namata, wanda anka ce mini a satin nan ya sai da shanun huɗarsa duka biyu. Ya jira hayaniya ta lafa. Sa'an nan ya ce, "Mai labari, da bai ɓoye tiyar nan ba, da na ce ba ka taɓa jin yunwa ba. Haka take. Mai da shi baya mu sake ji."

Na ce pil sun kusa mutuwa. Ya aiki jikarsa gida ta ciro na cikin tocilansa.

Haka na ci wannan rani, daga wurin aiki zuwa bakin rijiya, daga ƙauye zuwa ruga. Ban sai da kaset ko guda ba. Inda anka samu a ba ni fura, inda ba a samu ba a ba ni ruwa da godiya. Abin da na samu in kai gida, matata ta san yadda ta yi da shi. Amma ban taɓa samun masu sauraro irin na shekarar nan ba. Mutanen da ba su ci ba tun jiya suna zaune suna faɗa a kan halin mutumin da babu shi. Ba don su manta da yunwa suke saurare ba, don labarin ma yunwa ce cikinsa. Suna so su ga wani ya shiga irin abin da sunka shiga, da ƙazantarsa da tsoronsa, su ga mi zai yi.

Damina ta gaba ta yi kyau. Da kaka na kafa rumfar nan da kuke zaune, na ɗauki kashi na ƙarshe. Na san tun ina Sukukutane cewa Tunkara ba zai tsufa ba. Wanda ya sayi takobin shugaban mahara ne. Da hatsi ya nuna ya zo kwasar rumbunan ƙauyen Kulu. Tunkara, mai tsoron leƙa rijiya, ya ɗaura igiya ya sauka da yaran cikin wata busasshiyar rijiya ɗaya bayan ɗaya, yana zagin kansa. Ya hau ya tsaya bakin rijiyar da taɓarya. Shugaban mahara ya yi ta zare takobi, doguwa na ta cire masa mutane, har ya daina gane yaransa ya juya yana sararsu, sauran sunka gudu sunka bar shi yana tambayar sunan kansa. Ƙauye ya tsira. Amma sara guda ta riga ta sami Tunkara a ciki. Kulu ta ɗora kansa bisa cinyarta. Ya dube ta ya ce, "Baiwar Allah, kin yi mini kirki. Ke ɗiyar wa ce?" Ban sa aradu ba, ban sa kuka ba. Na bar zare ya yi ta juyawa shiru har ya ƙare.

Ranar kasuwa ta gaba, ina ɗaure wata waya cikin radiyo, sai ga mota daga Tibiri ta tsaya. Mata sunka sauko, sun kai goma, kowace da lulluɓi, babbarsu ɗauke da ƙwaryar sabon hatsi. Sunka yi sallama sunka tsuguna.

Babbar ta ce, "Nan ne gidan Tunkara?"

Na ce, "Nan ne rumfar Arzika."

"To gaisuwa munka zo. Mun ji rasuwa."

Na zaci wasa ne, na dubi fuskokinsu, ba mai murmushi. Na ce, "Iya, wa zai karɓi gaisuwar?"

Ta ce, "Wa ya haife shi in ba kai ba? Shimfiɗa tabarma."

Na shimfiɗa. Na zauna kamar yadda uban mamaci ke zama, sunka yi ta zuwa ɗaya ɗaya. "Ya haƙuri?" "Haƙuri sai ma'aiki." Inna Zalika ta kawo ƙosai ta ce sadaka ce. Direbobi sunka kashe mota sunka zo. Mushe Yohana ya iso da kekensa, ya cire hula, ya ce shi dai a ganinsa an gafarta masa. Tasha ta cika har masu tafiya na tambaya wane babban mutum ne ya rasu.

Ana cikin haka sai ga Sani zai wuce masallaci. Ya tsaya ya dubi taron, ya dubi ƙwaryar hatsi. Jama'a sunka zuba masa ido, don kowa ya san abin da ya gudana tsakaninmu. Ya matso, ya rage tsawo.

"Baba, ni ban yi wa wanda ba a halitta ba addu'a, ka sani."

Na ce, "Na sani."

"Amma na ga idonka. Allah shi ba ka haƙuri."

Na ce amin. Ya miƙe ya yi taku kaɗan, sai ya juyo.

"Sai dai da ka bar shi ya gane ta, ko da sau guda. Ƙanwarsa ce fa."

Ya wuce da sauri don an tada iƙama. Har yau muna gaisawa kullum safe, ƴaƴansa a hannuna ake gyara musu waya. Ban taɓa tambayarsa inda ya ji ba.